Rabuwar ƙawayen ƙuruciya a littafi: dole sai an saka faɗa?

Ummu Haidar

Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Shawara nake nema a kan littafin da nake rubutawa. Labarin 'yan mata biyu ne, Rabi da Asabe, waɗanda aka haifa a lungu ɗaya a cikin birnin Kano a 1986. Makarantar allonsu ɗaya, firamare ɗaya, ƙaramar sakandare ɗaya. Da suka gama aji uku aka aurar da Rabi ga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Asabe kuma ta wuce makarantar kwana, daga nan jami'a. Labarin zai ƙare a 2012, babi talatin ne.

Babi goma sha ɗaya na farko duk ƙuruciyarsu ce, kuma masu duba min sun ce sun gaji tun kafin su kai na shida. A babi na sha biyu na sa sun yi faɗa a kan wani saurayi don a samu dalilin rabuwa, nan ma aka ce bai zauna ba, kamar cusa shi aka yi. To babi nawa ya kamata ƙuruciya ta ci? Dole ne sai an yi faɗa kafin ƙawaye su rabu a labari? Yaya ake tsallake shekaru ba tare da mai karatu ya ɓata ba? Allah ya saka da alheri.

Mai Jan Biro

Wa alaikumus salam, Malama. Masu dubawar sun gaya miki gaskiya, kuma matsalolin biyu tushensu ɗaya. Babi goma sha ɗayan sun gajiyar ne saboda babu abin da zai raba yaran a cikinsu. Da kika zo na sha biyu kika waiga ba ki ga komai a hannu ba, dole kika aro saurayi. Da an shuka dalilin rabuwar tun a babi na biyu, da ba ki neme shi ba.

A littafi mai babi talatin, ƙuruciya kada ta wuce babi shida, iyaka bakwai. Sauran abin da kika rubuta ba zubar da shi za ki yi ba. Ki adana shi, zai dawo can gaba a bakin ɗayarsu ko a tunaninta, layi uku ko huɗu, a daidai inda zai yi zafi.

A cikin shidan nan akwai fitowa uku da babu makawa sai an yi su. Ta farko, a gan su suna aiki tare, aikin da ake yi da hannu. Jimlar "sun shaƙu matuƙa, komai tare suke yi" ba ta gamsar da kowa. Ki ɗora wa Rabi farantin dafaffiyar gyaɗa, Asabe da ba a ɗora wa talla a gidansu ta biyo ta don ba ta iya zama ita kaɗai. Wa ke riƙe kuɗin? Wa ke kiran masu saye? In ciniki ya ƙare suka zauna carafke a zauren wani gida, wa ke maguɗi, wa ke gani ta yi shiru? A nan ake gane mai ja da mai bi, domin kowane ƙawance yana da su, kuma littafinki gaba ɗaya labarin yadda wannan tsari zai juye ne. In Rabi ce mai baki tun suna ƙanana, ita ke tare wa Asabe faɗan yaran unguwa, to ranar da Asabe ta dawo daga jami'a tana gyara mata magana a gaban mutane, mai karatu zai ji abin a ƙirjinsa ba sai kin yi masa bayani ba.

Ta biyu, bashi. Ɗaya ta ɗauki laifin ɗaya. Naira goma ta kuɗin talla ta ɓata a hannun Asabe, Rabi ta ce ita ta yar, ta sha duka a gida. Ba su sake ta da maganar ba, amma kowacce ta sani. Abin ya zama ƙarami daidai da shekarunsu. A nan marubuta da yawa ke zarcewa, su sa 'yar shekara tara ta ceto ƙawarta daga gobara ko daga rijiya. Bashi mai girman haka ba ya barin mai karatu ya yi wa wadda ta yi nisa daga baya uzuri. Butulu kawai zai ɗauke ta, kuma daga nan labarin ya zama na hukunci.

Ta uku ita ce mai wuya: fitowar da mai karatu zai ga bambancin gidajen biyu alhali yaran ba su gani ba. Da sallah an ɗinka wa Asabe kala biyu, Rabi kala ɗaya. Kashegari suka yi musayar kaya suna murna, mahaifiyar Asabe ta gan su a ƙofar gida, ta kalli rigar 'yarta a jikin Rabi, ta ce su shigo su ci abinci, amma da dare ta sa aka je aka karɓo. Kada wani babba ya tsaya yin jawabi a kai, kada ke ma ki yi.

Shi kuwa faɗan saurayi, ɓarna biyu yake yi. Yana ba mai karatu wadda zai zarga, kuma da zarar ya samu ya daina tausayinta. Sannan yana mayar da littafin labarin kishi, a koma jiran wa za ta samu saurayin, ƙawancen da kika ɓata babi goma sha ɗaya a kansa ya zama ɗan rakiya. Ki cire shi. A madadinsa ki jera haƙƙoƙi huɗu ko biyar da ba a sauke ba, kowanne ya fi wanda ya gabace shi nauyi, kowanne da uzuri na gaskiya, kuma ki raba su tsakaninsu. In duk gazawar daga Asabe take fitowa, kin koma gidan jiya. Tsakanin kowane biyu ki bar babi uku ko huɗu rayuwa ta ci gaba, har a ga kamar an gyara, sannan na gaba ya zo.

Hajiya Babba

'Yata, haƙƙoƙin da Malam ya ce ki jera ba sai kin ƙirƙiro su ba, al'ada ta riga ta jera miki. Ƙawancen mata a ƙasar Hausa yana da ayyukansa sanannu, kowace mace ta san ranar da ake jiran ƙawa ta bayyana.

Ki fara da bikin Rabi. Babbar ƙawa ba suna ba ne kawai, aiki ne. Ita ke zagawa da amarya gayyato ƙawaye, ita ke ɓoye ta ranar kamu, da ita dangin ango ke cinikin kuɗin kamu, tana gefenta a zaman lalle, tana cikin masu rakiya, kuma ita ke tsayawa a yi sayen baki da abokan ango. In an sa bikin a tsakiyar zangon karatu, Asabe tana makarantar kwana, ba za a bar ta ta fito sati guda don bikin ƙawa ba, mahaifinta ma ba zai je roƙo ba. Amma biki ba ya tsayawa, dole wata ta riƙe wurin. To wannan yarinyar da ta riƙe wurin, ita ce mutum ta uku da labarinki yake bukata. Ba muguwa ba ce, ba ta ƙwace komai ba, ta dai kasance a wurin ne. Bayan wata shida ita ma aka yi nata auren, gidanta kusa da na Rabi, suna aiken yara tsakaninsu, suna aron turmi da tukunya. Duk zuwan da Asabe za ta yi, ita za ta tarar a zaune.

Na biyu haihuwa. Haihuwar fari mace gidan iyayenta take komawa wankan jego, kwana arba'in. Ke nan Rabi za ta dawo lungun da suka tashi, in kin daidaita da hutun makaranta Asabe ma tana gida. Wannan fitowa ki ba ta babi guda cur, kada ki yi mata rowa. Ɗaki cike da mata, ga tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya a tsakar gida safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji. Asabe ta shigo da gudu za ta faɗa kan gado kamar da, wata gwaggo ta ce, "Ke, tashi ki ba mu wuri, magana muke." Rabi ta ji, ba ta ce komai ba, don ita ma yanzu tana cikin waɗanda ake maganar da su. Budurwa da matar aure ba sa'o'in juna ba ne a idon mutane ko da rana ɗaya aka haife su. Iyayen Asabe ma za su fara cewa ta rage zama wurin matan aure, dangin mijin Rabi kuma su fara tambayar me 'yar boko take yawan zuwa yi.

A nan akwai abin da matasan marubuta ke mantawa, kunyar ɗan fari. Rabi da ta tashi a hannun tsofaffi ba za ta kira sunan yaron ba, ba za ta yi masa wasa a gaban mutane ba, in yana kuka ma sai an ce ta ɗauke shi. Asabe ta ɗauke shi tana ambaton sunansa, tana cewa, "Wai ke ba kya son ɗanki ne?" Da wasa ta faɗa, amma ɗakin ya yi tsit. In kuma mace kike so a haifa, ki yi amfani da alƙawarin takwara: tun suna yara Rabi ta ce 'yarta ta fari sunan ƙawarta za ta ci. Sai dai raɗa suna a hannun uba yake, shi kuma sunan mahaifiyarsa zai sa, babu mai ganin laifinsa. Ki lura, Asabe sunan rana ne, ba shi ake raɗawa ba. In za ki yi wannan, ki ba ta sunan yanka tun a babin farko.

Na uku gudummawa, kuma nan ne kuɗi ke shigowa. Abin da ƙawa ta kawo miki ranar bikinki bashi ne, ana riƙe da lissafinsa, ranar nata ki mayar da ƙari. Asabe tana 'yar makaranta sabulu da ɗan kwano ta iya kawowa. Shekara goma bayan nan ita ce mai albashi, ta zo sunan ɗa na huɗu da turmin atamfa mai tsada da kuɗi a ambulan. Mata suka yi ta sa albarka, Rabi kuwa lissafi take yi a zuci: da me zan rama? Da bikin Asabe ya zo aka fitar da anko, kuɗinsa ya fi ƙarfinta, ta shiga adashi don ta saya, kwasarta ba ta zo ba sai bayan biki. Ga dina da dare a zauren taro, sai da kati ake shiga. Ta zo yini da rana cikin tsohuwar atamfarta, ta zauna cikin iyaye, ƙawayen jami'a suna gaba da kaya iri ɗaya. Wata a cikinsu ta tambayi Asabe, "Wannan yayarku ce?"

Kada ki mayar da mijin Rabi azzalumi don ki samu dalilin rashin fitarta. Ba a bukata. Mutumin kirki ma zai bar matarsa ta je suna da gaisuwar dangi, ya ce dina da dare ban da ita, kuma mutanen unguwa su ce ya kyauta.

Na ƙarshe, mafi nauyi, ta'aziyya. Wanda bai zo biki ba ana yi masa uzuri, na suna ma haka. Amma mahaifiyar Rabi ta rasu, matar da ta goyi Asabe a bayanta, a yi zaman makoki kwana uku, a yi bakwai, a yi arba'in, ƙafar Asabe ba ta tako ba sai saƙon waya, wannan ba ya goguwa. Zumunta a ƙafa take. Ki ajiye shi sai wajen babi na ashirin da biyu zuwa da huɗu, kuma ki ba Asabe uzuri mai ƙarfi, kamar tana sansanin bautar ƙasa a wata jiha mai nisa. Sai dai sansanin sati uku ne kawai. Abin da zai ci mai karatu shi ne ta fito, ta ce gobe, ta ce jibi, kunyar jinkirin ta ƙara mata jinkiri har arba'in ta wuce.

Malamin Firamare

Malama, kafin ki gyara ko layi ɗaya, ki ɗauki takarda ki ja layi huɗu: shekara, shekarun yaran, inda kowacce take, da yadda za su iya jin labarin juna a lokacin. Yawancin littattafan da suka ratsa shekara ashirin a nan suke faɗuwa.

Haihuwar 1986 na nufin firamare daga 1992 zuwa 1998, ƙaramar sakandare zuwa 2001, babba zuwa 2004. Rabi tana da shekara goma sha biyar ke nan lokacin aure. Azumin 2001 ya kama a tsakiyar Nuwamba, kuma an saba ɗaura aure da yawa kafin azumi, don haka bikin da aka sa a ƙarshen Oktoba ya faɗa tsakiyar zangon farko na Asabe a makarantar kwana. Abin da Hajiya ta kawo ya zauna daram ba tare da kin tilasta shi ba. Asabe za ta rubuta WAEC da NECO a 2004, duka biyun suna nan, don NECO ta fara jarrabawar kammala sakandare a 2000. In ta shiga jami'a a 2005, kada ki fitar da ita a shekara huɗu cif, yajin aikin malaman jami'a na 2009 kaɗai ya ci kusan wata huɗu. Bautar ƙasa ta faɗa 2010 zuwa 2011.

Layi na huɗu shi ne mafi muhimmanci ga labarin rabuwa. Wayar salula ta shigo Najeriya a Agustan 2001, kuma a farkon nan kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata. 'Yar makarantar kwana ba ta da ita, amaryar shekara sha biyar ma haka. Daga 2001 zuwa 2004 abin da ke tsakaninsu wasiƙa ce da ɗan aike da ranar ziyara, sai shirin gaishe-gaishe na rediyo. Wasiƙar ma ta hannun wani take bi: ƙanin Asabe ya kai, ko ta faɗa hannun miji ya karanta kafin ya miƙa. Wannan yana sauya abin da za a iya rubutawa a ciki. Wajen 2005 zuwa 2007 sai wayar miji, wadda sai ya dawo kasuwa da dare, ko masu kiran waya na bakin titi a ƙarƙashin lema, ana biya da minti. Daga 2010 ne za ki iya sa Asabe a Facebook, Rabi kuma ta ga hotunanta a wayar wata. Kuskuren da ake yi iri biyu ne: a ba su waya tun 1999, ko a kai 2011 ana cewa sun rasa yadda za su sami juna. Bayan waya ta wadata, rashin kira zaɓi ne, kuma ya fi ciwo. Ki yi amfani da shi a haka.

Kuɗi ma yana nuna zamani. A 1995 babbar takarda ita ce naira hamsin. Ɗari ta fito a ƙarshen 1999, ɗari biyu a 2000, ɗari biyar a 2001, dubu a 2005. A Daidaita Sahu ta fara yawo a Kano a 2005, acaɓa kuma yana nan har Janairun 2013 da aka hana shi ɗaukar fasinja. Tunda a 2012 za ki rufe, ki tuna harin bama-baman da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu na wannan shekara da dokar hana fita da shingayen bincike da suka biyo baya. Ziyara daga wannan unguwa zuwa waccan ta yi wuya a watannin nan, ba zai yiwu mutanen littafinki su yi ta zirga-zirga kamar ba a yi komai ba.

Yaya Talatu

Na yarda a cire saurayi, amma ban yarda a ce babu faɗa sam ba. Littafin da mutum biyu suka yi ta haɗiye magana babi ashirin, ba wadda ta taɓa fashewa, mai karatu zai rufe shi da ƙullin da ba a kwance ba. Faɗan yana da wuri, sai dai ba shi ke raba su ba. Yana zuwa ne bayan an riga an rabu, wajen babi na ashirin da shida, kuma a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Asabe ta ce za ta biya wa babbar 'yar Rabi kuɗin makaranta mai tsada, da zuciya ɗaya. Rabi ta ce, "Uban yarinya yana raye." Daga nan sai komai ya fito, amma ba a jere ba. Mai fushi ba ta karanto laifuffuka ɗaya bayan ɗaya daga 2001. Za ta kama guda ɗaya, wataƙila ma mafi ƙanƙanta, ta nace a kansa. Shafi biyu ya isa. Kuma wani ya katse su, yaro ya shigo ko a kira salla, kada su kai ƙarshen maganar.

Abin da ya fi damuna a irin wannan labari shi ne ɗaukar ɓangare. Marubuciya ta yi karatu, don haka ba tare da ta sani ba sai ta mayar da Rabi abin tausayi, ta tsufa da wuri, ta rame, tana kallon motar Asabe tana hawaye. Wasu kuma su juya, 'yar boko ta rasa miji ta dawo tana nadama. Duka biyun wa'azi ne aka sa wa rigar labari. Ki ba Rabi abin da take taƙama da shi na gaske. Tana sana'a a cikin gida, ɗinki ko sayar da atamfa bashi ga matan unguwa daga shagon mijinta, ita ce uwar adashi, ta sauke Alƙur'ani a Islamiyyar matan aure, magana ba ta wucewa a dangi sai an ji ta bakinta. Akwai ranar da za ta kalli Asabe, shekara ashirin da biyar tana ɗakin iyaye ana yi mata gorin aure, ta ji tausayinta da gaske. Sai kowacce tana tausayin ɗaya, kowacce kuma ta ƙi a tausaya mata, sannan littafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Hanyar da ta fi sauƙin kiyaye wannan ita ce karɓa-karɓa: babi ɗaya ta idon Rabi, na gaba ta idon Asabe. Haɗarinsa shi ne muryoyin su zama ɗaya. A babi shida na farko ya halatta su yi kama, tare suka koyi magana. Daga nan su rabu a hankali. Asabe ta fara tsarma Turanci ba ta sani ba, jimlolinta su yi tsawo, tana son bayyana dalili. Rabi ta koma maganar manyan mata, karin magana da habaici da shiru. Akwai fitowa ɗaya ko biyu da ya kamata a gani sau biyu, ta ido biyu, misali ranar atamfa da ambulan. Kada su wuce biyu, in sun yi yawa labari ya daina tafiya.

Game da haɗuwar ƙarshe, ƙanwata, ki guji rungume-rungume da kuka da "na yafe miki". Matan da suka shekara ba su ga juna ba gaisuwa suke farawa da ita, doguwa, ina gajiya, ina yara, ina maigidan, ya haƙuri. Tsawon gaisuwar shi ke nuna nisan. Waɗanda da ko sallama ba sa yi wa juna, yanzu an shimfiɗa wa ɗaya tabarmar baƙi an kawo mata ruwa a kofin da ake ajiyewa don baƙi. Ki sa hannunsu a wani aiki, tsinke zogale ko ninke kaya, don maganar ta samu inda za ta raɓe. Ko su shirya ko kada su shirya, naki ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne su koma yadda suke a babi na biyu.

Ummu Haidar

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya, zan mayar da sunan yankan Asabe Hauwa. Saura batun tsallake shekaru, Malam, har yanzu ban san yadda zan yi ba. "Bayan shekara biyar" kawai zan rubuta a saman babi?

Mai Jan Biro

Za ki iya rubutawa, ba laifi ba ne, amma shi kaɗai ba ya aiki, mai karatu yana wuce shi da ido. Tsallake babba kada ya wuce uku a littafin: daga ƙuruciya zuwa shekarar aure, daga haihuwar fari zuwa tsakiyar jami'a, daga nan zuwa bautar ƙasa. Kowanne ya faɗo a farkon babi, ba a tsakiya ba.

A sakin layi na farko bayan tsallaken ki sa abu biyu. Ɗaya wanda mai karatu ya sani amma ya sauya, ɗaya kuma sabo da mutanen labarin suka riga suka saba da shi. Jaririn da aka bari a zanin goyo yanzu shi ake aike sayen magi, kuma Rabi ta miƙa masa kuɗin ba tare da ta ɗaga kai daga keken ɗinkin da ba mu san ta saya ba. 'Ya'yan Rabi su ne agogonki mafi inganci, don haka ki ƙara musu layi a takardar da Malamin Firamare ya ce ki ja, da shekarar haihuwar kowanne. Tazarar shekara biyu zuwa biyu da rabi ita ce ta saba, yaye yana kaiwa wajen shekara biyu. Daga 2002 zuwa 2012 yara biyar ke nan, ko shida.

Kuskuren da ke biyo bayan tsallake shi ne a tsaya shafi uku ana ba da rahoton abin da ya faru a shekarun da aka wuce. In abin yana da muhimmancin shafi uku, bai kamata a tsallake shi ba, ki koma ki rubuta shi a matsayin fitowa. In ba shi da shi, layi biyu a bakin wani ya wadatar.

In kin gama gyara, ki ciro hirar Rabi da Asabe kaɗai daga babi na biyu, na sha huɗu da na ashirin da takwas, ki goge sunayen masu magana, ki ba wani ya karanta da ƙarfi. A na biyu ba komai in ya kasa bambance su. A na sha huɗu ya kamata ya fara ganewa. In a na ashirin da takwas har yanzu yana tambayar wa ke magana, sai ki koma kan muryoyin daga babi na bakwai.